Tsohon Montreuil Mai Yagaggiyar Riga

An ce a kasuwar gwanjo ta Montreuil akwai tsohon Bature da lantarki ya ja tun 1977, har yau gashinsa bai kwanta ba. Ƙarya ce, ni na ƙaga ta. Sabulu yake shafawa don gashin ya miƙe.

Fayafayan pank yake sayarwa, kiɗan nan da samari suka faro a garejin iyayensu, ba iyawa, sai ƙarfin hali. Ina jin can wurin kiɗan ya baro kunnensa ɗaya, don ba ya ji da shi. Yana goge kowane faifai a hankali kamar fuskar jariri, amma rigarsa duk ta yage.

Ni tela, tausayi ya kama ni. Na tattaro guntun Faransancina na ce, "Baba, kawo in ɗinke maka, sadaka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Shekara talatin nake tattalin yagewar nan. Je ka ɗinke bakinka."