Tsahara Mai Kwalliya da Amaryar Illela

Har gobe, in aka ambaci Tsahara mai kwalliya a Birnin Ƙonni, sai wani ya murmusa ya ce, "Wadda ta yi wa kakar amarya ado?" Ƙanwar kakar ce dai, amma labari ba ya son gyara.

Tsahara ba ta da shago. Shagonta wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai zanen furanni, cike da kwalli da jagira da katambiri, sai hoda da jan bakin da take sarowa tsallaken iyaka. Inda duk aka buga kalangu, can ta nufa. Direbobin kamyon, manyan motocin siminti na Malbaza, duk sun san ta, don in ta shiga gaban mota sai motar ta yi kwanaki tana ƙamshin amare. Kuma tana da doka guda tun tana budurwa: mai kwalliya ba ta tambayar fuska daga ina ta fito. Ta ga amare masu ƙuraje, ta ga masu harara garke, ba ta taɓa cewa uffan ba.

To, cikin shekarun tamanin aka kira ta Illela, bikin Hawa'u da wani mushen lakwal, wato malamin makaranta. Karo na farko ke nan da sunanta ya kai garin, ta kuwa ƙudura sai ya zauna. Mota ta ɓaci a hanya, ta iso ana la'asar. Ba ta san ƙawaye sun ɓoye Hawa'u a maƙwabta ba, an kuma lulluɓe Iya Ladi, ƙanwar kakarta, don a kai wa dangin ango amaryar boko a sha dariya. Ta faɗa ɗaki da gudu, ta tarar da mutum cikin lulluɓi kan sabuwar tabarma.

Ta ɗaga mayafi. Ta sauke. Ta sake ɗagawa.

"Allah mai iko," ta ce a ranta, "kowa da abin da idonsa ya gano masa." Ta yi bisimilla, ta naɗe hannun riga.

Iya Ladi kuwa ta yi gum, tunda amarya ba ta magana sai an sayi baki. Daga baya ta faɗa wa mata gaskiya: tun rasuwar mijinta ba wanda ya riƙe mata haɓa a hankali haka, kuma ba ita za ta katse abin alheri ba.

Tsahara ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba. Ta bi kowace tamoji da hoda kamar mai yaɓen ɗaki, ta ja gira, ta zizara kwalli, ta ɗiga katambiri a kumatu. Tana karkaɗe gwangwanin ƙarshe, sai ga ƙawaye sun shigo da wata yarinya.

"Gwaggo Tsahara, ga amarya."

"Wace amarya kuma?"

"Hawa'u mana!"

"To wagga hwa?"

Ɗaki ya kece da shewa. Wata ta faɗi kan gado tana riƙe ciki, wata ta fita tsakar gida tana kiran jama'a. Tsahara ta dubi akwatinta fayau, ta ji sunanta na ficewa daga Illela tun bai zauna ba. Haka ta kankare gindin gwangwani ta shafa wa Hawa'u, aka aro kwalli a maƙwabta. Shi ma kukan barin gida ya wanke shi tun Hawa'u ba ta kai zaure ba.

Aka kai Iya Ladi gidan ango ana guɗa. Baffan ango, Malam Barmo, mai garkar albasa a Badagishiri, shi ya yaye mayafin don ya yi korar da aka saba. Jama'a na jiran ya ce a mayar musu da tsohuwarsu. Sai ya gyara hula.

"Wagga ɗiyar wa ce?"

"Baba, Iya Ladi ce hwa!" in ji wata cikin ƙawaye.

"Ladi ta bakin kasuwa, mai daddawa?" Ya ƙara matsowa. "To ku tai ku kawo wa yaro tashi. Wagga a aje ta, akwai magana."

Da kaka aka ɗaura musu aure. Tun daga nan tsofaffin Illela da Badagishiri suka buɗe wa Tsahara kasuwar da babu mai kwalliyar da ta san da ita. Ranar suna ko biki, kafin ta kai ga amarya sai ta tarar da kakanni sun jeru a inuwa, kowace ta wanke fuska, tana cewa ita ba don kowa ba, jagira kawai take so.

Yanzu in ta tsaya a tashar Ƙonni, wani direba, Chindo, ba ya ƙyale ta.

"Gwaggo, yau an aje miki amaryar a gaba, ko kakar za ki fara lalubowa?"

Sai ta ɗora akwati a kai, ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai Chindo, wadda na yi wa kwalliya ba amarya ta zama ba? Liman kawai na riga. Ka gaida min gwaggonka, ka ce ita ma ina nan tahe mata da akwatina."