Hannun da Ke Ciyar da Murjani

Yayana bai iya komai da sauri ba. Ko takalmi zai saka, sai ka ce ɗinka shi yake yi. Mu da muka tashi gida ɗaya da shi mun sha yi masa tsiya a kan wannan sanyin jiki, har Allah Ya haɗa shi da aikin da ba ya son gaggawa. A wani otal yake kula da ƙaton tankin gilashi da ke falon karɓar baƙi, mai ruwan gishiri da kifayen teku. Ma'aikata Baban Kifi suke ce masa, amma ba kifin ne a ransa ba. Abin da ke ransa yana can gefen hagu, a inuwar wani dutse. Murjanin rana ake ce masa.

Ranar da na fara ganinsa na ɗauka fure ne. Wani dunƙule ne na ƙananan bututu launin ruwan goro, kowanne da baki a kansa. Yaya ya ce dabba ce mai rai. Sauran murjanin tankin hasken fitila ya ishe su, wannan kuwa sai an ba shi abinci, kuma baki-baki ake bi, don wanda aka tsallake ramewa zai yi.

"To ai waɗannan mutane ne," na ce. "Kowa cikinsa ya sani."

"Sun fi mutane," ya ce. "Ba sa raina abin da aka ba su."

Shagona na ɗinki yana bayan otal ɗin, shi ya sa na sha kallon ciyarwar. Bayan la'asar zai fito da ƙananan jatan lande daga firiza, ya narkar da su a kofi da ruwan tankin. Ya kashe injin da ke juya ruwa, ya ɗiga romon kusa da dutsen, ya tsaya jira. A hankali bakunan za su buɗe, su miƙo wasu siraran yatsu rawaya. Sai ya hau tsani, ya naɗe hannun riga, ya tura hannu har kafaɗa da dogon sirinji, yana ɗora wa kowane baki rabonsa. In tsinin sirinjin ya zungure shi, ya tsuke ke nan sai gobe. In ya gama sai ya kifa musu rabin gorar roba, don kada kifaye su wawushe.

Ɗan guntu ya tarar da shi, bai wuce kan babban yatsa ba. Shekaru suka tafi har ya kai girman kan jariri. A kansa Yaya ya daina tafiya mai nisa. Ko rasuwar kawunmu bai zauna an share makoki da shi ba, dangi suka yi ta surutu, ya toshe kunne. Matarsa ta daɗe da sallamawa, abin da take cewa kawai shi ne, tunda aikin ne ke riƙe da gidan, Allah Ya bar su tare.

A kofin shayi na fara ganin rawar hannun. Kofin yana kaɗawa a kan faranti, shi kuma yana kallon bango kamar ba shi ba. Likita ya ce ciwon jijiya ne, magani ragewa kawai yake yi. Yaya ya tara mu, ni da matarsa, ya ce kada maganar ta kai otal, don in suka ji sallamarsa za su yi. Daga nan ya koma gaida manaja da hannu a aljihu.

Mutum za ka iya ɓoye wa, amma murjanin ba ya ɓoyuwa. Sirinji ya dinga rawa a cikin ruwa yana zungurarsu, suna tsukewa ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada hagu, ba ta saba ba. Sai ya ɓullo da dabara: ya riƙa tuttule kofin gaba ɗaya a saman dutsen, wai ruwa ya kai wa kowa. Da ya ga ba sa samu, ya ninka abincin. Kifaye suka yi ɓul-ɓul, ruwa ya dusashe, gansakuka ta kama gilashi. Murjanin kuwa yana tsakiyar abinci yana mutuwa da yunwa. Naman ya fara janyewa daga gefe, farin ƙashi yana fitowa.

Wata la'asar na kasa haƙuri. "Yaya, ba ni sirinjin nan. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau?"

"Ke da ko tafiya kike kamar an biyo ki? Tsokane musu ido za ki yi."

"Ba su da ido, Yaya."

Ya rage murya. "In manaja ya ga hannunki a ruwan nan, me zan ce ya sami nawa?"

Na ce masa girman kai rawanin tsiya ne, na fita fuu. Amma a hanya na san ba girman kai ba ne, tsoro ne. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

Sai da manaja ya yi tafiya sannan Yaya ya yarda. Na hau tsanin, shi yana ƙasa da fuska a jikin gilashi yana cewa, "Hagu kaɗan. A hankali. Ke, a hankali na ce!" 'Yan tsiraru ne suka buɗe. A cikinsu ma wasu sun kama abincin, suka riƙe shi jim kaɗan, sannan ya suɓuce musu ya faɗi ƙasa, ba su da ƙarfin haɗiyewa. Ihu ne bayan hari, kuma dukkanmu mun sani.

Da manaja ya dawo ya ga dutsen ya yi fari, sai ya kira Yaya ofis. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Manajan ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ci mini rai. Ya ba shi kujera, ya ce an yi magana da wani kamfani da zai riƙa turo mutum sau ɗaya a mako, su kuma sun ce ba su da lokacin abin da ake bi baki-baki.

"Baba," ya ce, "mun daɗe da lura da hannunka. Har masu gadi sun sani. Nauyinka muka ji, muna jira ka faɗa da kanka. Da ka yi magana, ai da mun haɗa ka da wani, kai kana nuna masa yana ba su."

Yaya ya ciro hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa, ya bar shi yana rawarsa a fili.

A leda suka miƙo masa murjanin, ba ko ruwa. A gindinsa akwai sauran baki ɗaya mai ɗan launi. Da muka isa gida ya sa matarsa ta cika bokiti, ya kwaɓa gishirin girki a ciki, shi da ya fi kowa sanin ba irin wannan gishirin ake sawa ba. Ba wanda ya hana shi. Ya jawo kujera ya zauna a gaban bokitin.

Washegari na leƙa da safe. Ruwan ya yi fari, wari ya cika tsakar gida, matarsa tana tsaye nesa tana jira ya ba ta izinin zubarwa. Na gaishe shi, bai ɗago ba.

"Ashe duk sun sani," ya ce. "Kin ji? Ba wanda nake ɓoye wa. A banza na bar su da yunwa."