Tasar Hajara a Kan Aduruku

Tsohon Zango

Ranar Laraba na yi sallar asuba, na fita ƙarfe biyar da rabi. Na ɗauki adda, buta, da takardar zama. Tun da gwamnati ta kori baƙi bara nake ɓoye a ɗakin Alhasan mahauci a nan Tsohon Zango, ƙasar Asante, wata goma sha ɗaya. Sai makon jiya takardar ta fito.

Ku da kuka koma Sakkwato kun aiko tambayar yadda unguwarmu Zangon Rafi take. Zan faɗa muku, amma ba don gidajenku na je ba. Kabarin matata Hajara na je nema. Ta cika ranar da motoci suka kwashe ku. Ni da Alhasan, mu biyu, muka binne ta a bayan gida. Na sari sanda a shingen aduruku na kafa wajen kanta, na kifa tasarta a kai, na gudu.

Reskos

A tashar mota ta Reskos, koko da ƙosai, pesuwa biyar. Turoturo, motar haya, ta tashi ƙarfe shida da rabi, pesuwa goma.

Direba ya ce, "Baba, Zangon Rafi? Wa za ka gaisar, ɓeraye?"

Na ce, "Matata."

"Ita kaɗai ta zauna a can?"

"Ba ta motsa ba."

A hanya 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗaya ya juya takardata ya ce ina nake tun bara. Na ce ina nan. Ya miƙo mini. Muka isa Asokore Mampong bakwai da kwata, mil biyar. Sauran mil ɗaya da rabi a ƙafa na yi shi.

Zangon Rafi

Hanyar da mota ke bi ta koma ta ƙafa, ta ƙafar ma ta ɓace. Ciyawa ta fi ni tsawo. An kwashe kwanon rufi duka, ruwa ya narkar da katangu. Alhaji Mudi, gwanda ta fito a tsakiyar zaurenka, har ta yi 'ya'ya. Malam Sani, ƙofarka na nan tsaye a kulle, bango ne babu. Kabewa ta rufe bakin rijiya, saura kaɗan in faɗa. A masallaci jemagu ne reras, gara ta cinye tabarmi. Na yi sallama saboda sabo. Wani abu ya ja jiki a cikin ganye, ya tsaya.

A gidan Ladi mai waina akwai rigar yaro a igiyar shanya, ta yi kore. Babu iska, amma ban so kallonta ba.

Bayan gidana na ga kuskurena. A ƙasarmu in ka kafa sanda, sanda take zama. A ƙasar Asante tsirowa take yi. Shingen ya zube, kowane kara ya yi saiwa. Aduruku sun fi talatin, duk kama ɗaya. Na durƙusa ina tona ciyawa ina neman tasa har rana ta take. Ban gani ba.

Sai na ji sara. Tas. Shiru. Tas. Yana matsowa. Na riƙe addata.

Wani tsohon Ba'asante ne ya ɓullo. Da ya gan ni ya ja da baya.

"Karamo!" Haka suke kiran Musulmi. "Kai mutum ne?"

Na ce, "Mutum ne, Opanin," wato dattijo a bakinsu.

Ya ce ƙasar ta danginsa ce, rogo zai shuka. Yau sara, jibi wuta. Na gaya masa abin da na zo nema. Ya ajiye adda ya tambayi yadda na kafa sandar. Na nuna masa da hannu.

Ya ce, "Kai kana duba ƙasa. Itace ba ya tafiya ƙasa. Duba sama."

Muka bi su ɗaya ɗaya. A na goma sha ɗaya muka same ta. Rassa biyu sun ɗaga tasar har daidai fuskata, sun riƙe ta. Ga gurbin da ta lotsa ranar da Hajara ta jefi akuya da ita. Na share wurin, na yi alwala, na yi mata addu'a. Tsohon ya tsaya nesa, ya sauke mayafinsa daga kafaɗa don girmamawa.

Na ce, "Jibi fa?"

Ya ce, "Wannan itace mu iyaka muke yi da shi. Ba a sarewa." Ya ja layi da adda, taku huɗu kowane gefe. "Daga nan zuwa nan gonar matarka ce. Ni maƙwabcinta ne."

Komowa

Na isa Tsohon Zango biyar da rabi na yamma. Alhasan ya ce na same ta? Na ce na same ta, tana da inuwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Alhasan, na gode wa tsohon da ban tambayi sunansa ba. Ku gaya wa 'yata Rabi uwarta ba ta ɓace ba. Gidajenku kuwa, kada ku sa rai.