Malam Gyara da Yatsun Kafinta

A ɗakin malamai Malam Gyara muke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a, a zatonsa yabo ne. Kafin ya zo makarantarmu allunan shagon aski yake zanawa, kawunan nan da ake jerawa a bakin ƙofa, aski daban-daban, hanci iri ɗaya. Da aka sa zane cikin darussan firamare, aka rasa mai koyarwa, sai aka kwaso shi. A rashin uwa ake uwar ɗaki.

Ban taɓa ganin ya koya wa yaro riƙon fensir ba. Aikinsa ya tattara takardu, ya baje su a teburin da ke kusa da nawa, ya fito da kilina yana gogewa. Kyanwa mai dogon wuya ta koma kyanwar kowa. Gida mai taga bakwai ya koma taga biyu. Yana yi yana tsaki, wai yaran zamani ba su da ido. Shi da ko inuwa bai iya sa wa kofi ba!

Da aka kusa ranar zuwan iyaye ya ce kowa ya zano mahaifinsa. Akwai wata yarinya a ajina, 'yar kafinta, wadda injin yanka katako ya cinye wa uban yatsu biyu na hannun dama. Ta zana shi yana ɗaga hannun nan, yatsu uku rak, har da tabon. Ta nuna mini tana ta rawar jiki, ta ce so take Baba ya gane kansa tun daga bakin ƙofa.

Na tarar da Malam Gyara a kan takardar.

"Malam, bar wannan," na ce. "Haka hannun mutumin yake."

"Haba Malama, ɗan Adam yatsa biyar gare shi. So kike a ce ban koya musu ƙirga ba?"

Ya ƙara biyu, dogaye, masu farce.

Ranar, kafinta ya zo da ƙurar katako a gira. Yarinyar ta jawo shi gaban bangon da aka manna zanen yara, sai ta yi turus. Ya daɗe yana kallo. Malam Gyara ya matso yana washe baki, yana cewa ai yarinya ta ci gaba ƙwarai.

Kafinta ko kallonsa bai yi ba. Ya sunkuya wajen 'yarsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Uwata, ashe hannun nan yana ba ki kunya? Ai da kin faɗa mini."

Ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fita. Na yunƙura zan yi bayani, amma ya riga ya juya. Raina bai taɓa ɓaci a wurin aiki irin na ranar ba. Ta taga na hango su suna fita, ya cusa hannun dama a aljihu, ya zagayo ya riƙe ta da na hagu.