Illa Mai Katanga

Ku da kuka san Illa, kun san ba ya tashi daga buro, ofishinmu, sai ya zare wayar rezo, igiyar intanet ɗin nan, ya rataya a wuya kamar carbi. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa suna! Shi ke kula da ordinatoci, wato kwamfutocin ƙungiyar manomanmu a Tasawa, teburina kuma na jikin nasa.

Ya kafa musu abin da yake kira katanga, wato tsaron da ke hana kowa shiga cikinsu daga waje. Mai son aiki daga nesa, ƙofa ɗaya tak ya bar masa: ka kira shi ya buɗe, ka gama ya rufe.

Wata rana darektanmu ya kira daga Yamai.

"Illa, buɗe mini, ina cikin taro."

"Wa ke magana?"

"Darektanka mana!"

"Kowa na iya cewa haka. Wane suna kakarka ke kiranka da shi?"

Can darekta ya yi raɗa: "Ɗan Tumbi."

"Ban ji ba, Yallaɓai, rezo ba kyau. Ɗaga murya."

Wallahi sai da ya ɗaga!

Akwai kuma wani mai zaƙin baki da ya ce shi injiniya ne, a ba shi lambar sirri ya gyara mana na'urori daga inda yake. Illa ya ce, "Madalla! Taho Tasawa, akwai fura." Kullum mutumin ya kira, sai Illa ya ƙara masa kwatancen hanya, har inda ake sauka a tasha. Har yau bai iso ba.

Da ciwo ya kwantar da shi a gidansu na Maijirgi, sai ya buɗe wa kansa ƙofa, yana aiki daga kan tabarma da ƙaramar ordinatarsa. Zuwana na ƙarshe ya kama hannuna.

"Hamisu, je ka toshe ƙofata."

"Haba Illa, ai za ka tashi."

"In na tashi na buɗe abata. In ban tashi ba, ordinatan nan hannun wa za ta faɗa?"

Na koma buro na toshe, na kira shi. Ya gwada shiga, ta ƙi. Sai na ji yana dariya, tari na sarƙe shi.

"Yauwa! Ko ni ba ta sani ba."

Allah ya jiƙanka, Illa. Allah ya haskaka makwancinka, ya raya abin da ka bari.