Baba Seidu da Baƙin da Aka Mayar 'Yan Gida

Ina tsaye gaban sabbin ma'aikata, ina koya musu yadda ake tarbar baƙo, sai wayata ta yi ƙara. Abokin zaman Baba Seidu ne daga unguwar Hor Al Anz. Ya ce bayan sallar asuba Baba ya yi kukan ƙirji, aka kai shi asibiti, kafin hantsi rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Seidu mutumin Zangon Kumasi ne, shugaban masu ɗaukar kaya a otal ɗinmu da ke unguwar Al Rigga, a nan ƙasar Larabawa. Ni kuwa daga Kano na zo da takardun karatuna, aka ba ni aikin horar da matasa. Na tarar da shi ya riga ya yi furfura a bakin ƙofar nan.

Ba zan yi masa ƙarya yana kabari ba: mutum ne mai zargi. Idan direba ya zo ya ce baƙo ne ya aiko shi ɗaukar kwalaye, sai Baba ya ce, "Shwaiya shwaiya, habibi, sannu-sannu dai. Kira shi in ji muryarsa." Idan manaja ya yabe shi da safe, sai ya wuce ya duba jadawalin aiki ko an ƙara masa kwana. Na taɓa ce masa, "Baba, zato fa zunubi ne." Ya ce, "Shi ya sa ba na tsayawa a zato, Malama. Tashi nake in je in duba." Amma duk yaron da ya zo sabo, shi ne mai raka shi tashar jirgin ƙasa ranar farko, ya nuna masa inda zai sauka, ya karanta masa takardar kwantiraginsa layi-layi kafin ya sa hannu.

Watannin baya manaja ya tara mu, ya nuna mana layi biyu a allo. Layin baƙin ƙasashen waje, musamman 'yan kasuwarmu na Najeriya, yana ta gangarowa. Layin baƙin cikin gida yana ta hawa. Maganar ta shiga hankali, don kowa ya san biza ta yi wa mutanenmu wuya, kuma mazauna ƙasar sun koyi kawo iyalansu otal a ƙarshen mako. Sai aka yanke cewa za a mayar da ɗakin ajiyar kaya wurin wasan yara, kuma matasa huɗu da aka ɗauka saboda suna jin Hausa ba za a sabunta musu kwantiragi ba. Ni na horar da su duka huɗun. Ni kuma na taya haɗa rahoton, na gaskata shi.

Da muka fito, Baba ya tare ni.

"Malama, layin nan da ke sauka, su wane ne?"

"Mutanenmu ne, Baba. Sun ja baya."

"Ei! To gadon bayana bai ji labari ba. Kwalayen da nake ɗauka kullum, aljanu ke sayensu?"

"Alƙaluma ne fa, ba ni na ƙirƙira ba."

"Kwamfuta ba ta taɓa ɗaukar akwati ba. Zo ki tsaya bakin ƙofa mako guda."

Ban je ba. A raina na ce tsoho yana kare kujerarsa ne. Har na fara zargin cewa masu jigilar kaya na Al Quoz, da ke zuwa kwasar kwalaye daga ɗakin ajiyar, su ke zuga shi. Idan na ga yana magana da su, sai in rage tafiya in kasa kunne. Mako uku na yi a haka ban ji komai ba sai gardamar nauyin kaya. A cikin makonnin nan ne kwantiragin Rabi, wadda ta fi kowa ƙwazo cikin huɗun, ya ƙare. Aka soke mata biza, ta koma Zariya.

Wata Laraba da la'asar ya leƙo ajina, ya ce, "Yalla, taso Malama, minti biyar kawai." Hajiya Uwani ce ta sauka daga filin jirgi, 'yar kasuwar abaya da ta daɗe tana sauka a wurinmu. Baba ya raɗa mini, "Dubi abin da za ta miƙa." Ba fasfo ta miƙa ba, katin izinin zama ne. Aka goga shi a na'ura, allo ya rubuta ta cikin baƙin gida.

Na tambaye ta, ta kwashe da dariya. "'Yar gida? Ni da na baro jikokina a Kano jiya? Wahalar biza ce ta ishe ni na yi rajistar ɗan kamfani aka ba ni kati, kuma duk ƙawayena haka suka yi. To ke Malama, gidan nawa yana wace unguwa? Nuna mini in huta da otal!"

Wasu kam sun daina zuwa da gaske, iyalan ƙarshen mako kuma sun ƙaru da gaske. Amma da yawa daga waɗanda muka ce sun ɓace suna nan, mun ɗauke su daga wannan layi mun zuba a wancan. Baba ya fito da gwangwanin biskit cike da guntayen takardun shaidar kaya da bai taɓa yarda ya zubar ba. Muka bi su suna-suna, muka kai wa manaja. Ya duba ya ce, "Khalas, shi ke nan, ba wanda zai tafi." Muna fita Baba ya ce, "Koma ki ce ya rubuta. Maganar ofis kamar sanyin ofis ce, kina fita ƙofa ta ƙare." Na koma. Takardar mutum uku ta fito. Ta ɗakin ajiya har yau shiru. Manaja ya zo ta'aziyya ya ce ɗakin yana nan daram, ni kuwa sau biyu ke nan ina neman in gani a rubuce, kuma gobe ma zan koma.

Na je ba Baba haƙuri, ya ce, "Ba ni za ki ba ba." Da aka buɗe akwatinsa na wurin aiki bayan rasuwarsa, an sami kofen takardun Rabi da sunayen otal-otal biyar da ya taka da ƙafarsa yana nema mata gurbi. Uku ya riga ya soke su. Biyun da suka rage suna hannuna yanzu.

Da Rabi ta kira ni tana kuka, na gaya mata gaskiya: da na bi Baba bakin ƙofa ranar farko da ya kira ni, da tana nan. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri, Anti." Ban sani ba ko ta yafe mini. Ɗalibaina, ku da ke karanta wannan, na koya muku karanta allo, amma ku riƙa ɗaga kai ku dubi wanda ke tsaye a gabanku.

Ya Allah, bawanka Seidu ya yi shekaru yana ɗaukar wa baƙi nauyinsu, ka sauke masa nasa. Yanzu shi ne baƙonka, a kabarin da ke nesa da garinsu. Ka yalwata masa shi, ka gafarta masa, ka sa Aljanna ce masaukinsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa a Kumasi haƙuri, ka zame musu gata. Ka buɗa wa Rabi ƙofar da ya rasu yana ƙwanƙwasa mata. Ni kuma ka yafe mini zaton da na yi masa. Amin.