Kunun da Na Hana Ɗiyata

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa kayan, don ya yi mini nauyi. A shekarun da soja ke riƙe da ƙasa, lokacin da ruwa ya ƙi mu damina bisa damina, ni ƙaramar mace ce a wani ƙauye arewa da Takanamat, matar manomi, kuma ɗiyar malami. Wannan na ƙarshen shi ne abin taƙamata, shi ne kuma ya kai ni ya baro. Tun ina yarinya ni ke wanke wa babana alluna, in tace ruwan rubutu a ƙoƙo in miƙa wa masu jira a zaure. Na ga mai ciwon kai ya sha ya miƙe, na ga mai naƙuda ta sha ta sauka lafiya. Ni kaina 'ya'ya biyu na rasa tun suna goye, sai da baba ya yi mini rubutu na sha kafin Allah ya ba ni ɗiyar da ta tsaya. Don haka babu wanda zai koya mini cewa magana tana shiga jikin mutum ta maƙogwaro. Ga ni da baki, ga taurin kai, in na kafe a kan abu ko gari zai taru ba na motsawa.

Baba ya riga ya rasu kafin yunwar ta kankama. Maigidana ya tafi Abijan neman abin da za mu ci, shiru kake ji. Awakinmu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, rumbu ya koma wurin kwanan ɓera, muka ci anza, 'ya'yan wani itacen daji, har bakinmu ya daina jin ɗacinta. Da rijiya ta ƙafe sai ni da uwar mijina, wadda nake kira Inna, muka ɗaure 'yan tsummokaranmu, na goya yarinyar, muka bi ayari zuwa Tawa. A bayan gari muka kafa bukkar tabarma, kusa da Buzayen da raƙumansu suka ƙare. Soji kan zo da kamyo, wato babbar motar kaya, su raba jar dawar taimako, mai tsakin tsiya, wadda ko babba ya ci sai cikinsa ya yi ƙara. Ɗiyata a lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba, nonona kuma ya ƙafe. Ta daina tafiyar, ta koma zama, daga baya zaman ma sai an tallafe ta.

Akwai wata rumfa a gefen bukkokin inda ake dama wa yaran da suka rame kunu da garin madara da mai da sukari. Mai kula da wurin wata mata ce daga gidan likitan 'yan mishan na kudu, Bahaushiya kamar mu, harshenta irin na mutanen Maradi, kowa madam yake ce mata. Ta duba hannun ɗiyata, ta buɗe idonta, ta ce in riƙa kawo ta safe da yamma. Gaskiya ɗaya ce, kunun nan ya karɓi yarinyar. Cikin 'yan kwanaki ta soma zama da kanta, har tana jan ɗankwalina tana dariya. Amma ni tun ran farko hankalina bai kwanta ba. Me ya haɗa Kirista da 'ya'yan Musulmi? Wa ke barin garinsa ya zo ya zauna cikin ƙuda da zawon yara don Allah kawai? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ina karɓar moɗa ina godiya da baki, idona kuwa yana kan hannunta.

Wata safiya na yi sammako, na iso kafin sauran mata. Sai na hango ta tsaye a kan tukunya, kunu yana tururi, ta buɗe wani littafi mai baƙin bango tana karantawa, leɓenta yana motsi. Ta rufe littafin, ta rufe ido, ta yi 'yan maganganu a hankali, sannan ta ɗauki muciya ta juya. Ni za a gaya wa mene ne wannan? Haka baba yake yi a kan ruwa, ya karanta, ya tofa, ya ba mai nema. Na ce ashe! Ashe abin da ake ɗura wa 'ya'yanmu ke nan. Na juya da goyona tun ba ta gan ni ba, yarinyar tana miƙa hannu wajen rumfar tana kuka.

Na gaya wa Inna da matan da muke maƙwabtaka. Nan fa kowa ta kawo nata. Wata ta ce littafin nan Linjila ce, amma ba wadda Allah ya saukar ba, hannun mutane ya shiga cikinta an cire an ƙara. Wata ta ce ta ji a wani gari yaran da suka ci abincinsu sun girma ba sa salla, ko da yake da na tambaye ta wane gari ba ta sani ba. Wata kuma ta ce kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Abin mamaki, dukansu da suka gama zuba, da yamma suka kwashi 'ya'yansu suka koma rumfar. Inna, baiwar Allah, ta ce mini in yi haƙuri mu je mu tambayi tsohon malamin da ke ba da salla a masallacin kusa da kasuwar dabbobi. Na ce mata ni ɗiyar malam ce, abin da na gani da idona ba sai an fassara mini ba. A zuciyata kuma har malamin ban yarda da shi ba. Na ce wa ya sani ko shi ma an toshe masa baki da buhu. Haka zargi yake, in ya shiga mutum ba ya barin kowa da tsarki.

Da madam ta ga ba ta gan mu ba, sai ta tare ni a wurin ɗiban ruwa, ta kira ni ƙanwarta, ta tambayi ɗiyata. Ban ɓoye mata ba, na ce na ga abin da take yi a kan tukunya. Sai ta ce Zaburar Annabi Dauda take karantawa don ta sami ƙarfin zuciya, saboda yawan yaran da ke mutuwa a hannunta, kuma tana roƙon Allah ya sa albarka a abincin. Ta ce Allahn da ya yi ni shi ya yi ta, ba ta san wani ba. Har ta ce in ina so ta karanta mini wurin in ji da kunnena. Na toshe kunnuwa ina a'uzubillahi, na ce a raina ga shi nan, an fara. Sai ta ce to ta ji, za ta ba ni garin madarar da sukarin ɗanye in je in dama da hannuna, in yi bisimillata a kai. Kowa ya ji wannan ya san mai gaskiya ce ko mai haƙuri. Ni kuwa cewa na yi wa ya san abin da aka karanta wa buhun tun a ɗakin ajiya? Na karɓa don kada a ce na yi rashin kunya, na je na ba wata Buzuwa maƙwabciyata mai ɗa marar lafiya. Ku duba irin imanin nawa, abin da nake ganin guba ne ga ɗiyata shi na miƙa wa ɗan wata. Yaron nata kuwa ya sha, ya tashi.

Na koma ba yarinyar kunun jar dawa, ina tacewa da bakin zane. Zawo ya kama ta. Gashinta ya yi ja ya kwanta, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa. Maimakon in farga, sai na ce kunun da ta sha a baya ne ke faɗa da jininta, abin yana neman hanyar fita. Ina ta tofa mata duk addu'ar da na sani. Inna tana kuka tana roƙona, ina ce mata ta bar ni da ɗiyata, ni na san zafin haihuwarta. Rannan da rana tsaka sai ga madam har bukkarmu, da gwangwanin kunu a rufe. Ta durƙusa, babbar mace, ta ce ta rantse wannan ba ta karanta masa kome ba, wata Musulma ce ma ta dama. Ta ce in ba na son ganinta ba za ta ƙara zuwa ba, amma don Allah in ba yarinyar. Na tsaya a ƙofa na tare. Abin da na gaya mata shi ne har gobe yake cina. Na ce gara in binne ta Musulma da in raine ta kafira. Matar nan ta dube ni, hawaye suka zubo mata, ta ajiye gwangwanin a bakin ƙofa, ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta tafi.

Da na fita neman itace, Inna ta saci jiki ta ɗauko gwangwanin tana ɗiga wa yarinyar da yatsa. Daga baya ta gaya mini kunun yana shiga yana dawowa ta gefen baki, ta riga ta kasa haɗiya. Washegari da hantsi ina daka, tana goye a bayana, na ji ta yi shiru, na ce barci ne, har na rage ƙarfin taɓarya don kada in tashe ta. Inna ce ta zo ta taɓa ƙafarta, ta yi salati, ta ce in kwance goyon. Wayyo Allah. Ban san lokacin da ta tafi ba, alhali tana manne da jikina.

Malamin nan da na ƙi zuwa wurinsa shi ya zo ya yi mata salla. Bayan sun dawo daga maƙabarta Inna ta kwashe kome ta gaya masa. Ya zauna a bayan tabarma, ya kira ni ɗiyarsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce mu Musulmi mun yi imani Allah ya saukar da Attaura da Zabura da Linjila. Abin da ke hannun mutanen nan yau, malamai suna da magana a kansa, amma wannan gardamar masu karatu ce, ba ta shafi cikin jariri ba. Ya ce abincinsu an halatta mana, jikokinsa ma a rumfar nan suke sha. Sai ya tambaye ni, ni da nake ɗiyar malami, a ina na ji cewa shiriya tana cikin tukunya? Shin ina ganin tofin wata mata ya fi ƙarfin Allahn da ke riƙe da zukata? Ya ce me ya hana ni tako ƙafa in tambaya? Na so ya zage ni, ya ƙi, sai addu'a ya yi mini ya tashi.

Da ruwa ya sauka muka koma ƙauye. Ban je na nemi gafarar matar ba, kunya ta hana ni, ban kuma ƙara jin labarinta ba. Maigidana da ya dawo na ce masa zawo ne, Inna kuma ta rufa mini asiri har ta koma ga Allah. Na haifi wasu, sun girma, na shiga ajin yaƙi da jahilci har ga shi ina rubuta muku da hannuna. Har yau ni Musulma ce, a kan haka nake fatan cikawa. In kun tambaye ni ko littafin nan nasu abin dogara ne, ko nawa ne a cikinsa ya tsira daga hannun mutane, ban sani ba, na bar wa masu ilimi. Ko matar tana da wata manufa a ranta, wannan ma Allah ya sani, ni dai alheri kaɗai na gani a hannunta. Abin da na tabbatar shi ne nawa laifin. Na ɗauka tsoron Allah nake yi, ashe tsoron littafi nake yi. Da na yarda da Allah yadda nake faɗa da baki, da na san wanda ya ba ni yarinyar ya isa ya tsare mata zuciya. Ban kare addinin kowa ba, yarinyar da ba ta ma iya cewa bisimilla ba na hana abinci.

'Yan uwana, musamman mata irina masu ganin sun sani, ku ji tsoron zato. Yana zuwa ne da rigar addini, shi ya sa ba a gane shi da wuri. Ba na ce ku yarda da kowa ba, ba na kuma ce ku saki abin da kuka gada. Amma in rai yana tsakani, kada ku yanke hukunci da ɗan guntun sanin da kuka tsinta a zaure, kada kuma girman kai ya hana ku zuwa wurin wanda ya fi ku karatu. Ni na sami amsata daidai, cikakkiya, daga bakin mutumin da ya dawo daga binne ɗiyata. Ku ku tambaya tun yaron yana iya haɗiya.